Sanarwa kan ragowar burodi da buhunan fulawa

Assalamu alaikum ƴan uwa masu gidajen burodi da masu taliyar murji, barkanmu da warhaka.

Maganar da muka faro ranar Asabar ce. Burodin da masu shayi ke dawo mana da shi ya kwana biyu, don Allah a daina juye shi a bola, masu kaji da masu kifi na wajen Shika da Samaru a yankin Zariya suna saye, a yanyanka a shanya ya bushe ƙarau sannan a ɗura a buhu. Amma fa wanda ya yi fumfuna kar a haɗa, yana cutar da kaji, kar mu je mu ja wa kanmu rigima. Karyayyar taliya ma masu tumaki na gauraya ta da dusa.

Buhunan fulawa na kilo 50 a kakkaɓe a tara, kaka na zuwa masu masara za su nema.

Ƴan Sabon Gari da Tudun Wada kowa ya rubuta buhu nawa gare shi kafin Alhamis, mota ɗaya za ta zagaya, kuɗin mai a raba.