A Riƙa Sa Mataimakan Nas Cikin Miƙa Aiki a Asibitocin Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana kan yadda ake barin mataimakan nas a gefe idan an zo miƙa aiki a ɗakunan kwanciya.

Mataimaki ne ke juya majinyaci, shi ke canja zanin gado, shi ke zubar da fitsarin da ya taru a leda, shi ke ganin an ci abinci ko an ture kwano. Amma idan masu aikin dare za su miƙa wa na safe, sai nas-nas su tsaya a tebur su kaɗai. Abin da mataimaki ya gani duk dare, da shi yake tafiya gida.

A duba maganar fitsari kawai. Baligin da aka sa wa robar fitsari, bai kamata fitsarinsa ya gaza kamar mililita 30 a awa ba. In an zubar da ledar ba a karanta awon da ke jikinta ba, ba a rubuta lokaci ba, lissafin ruwan da ya shiga da wanda ya fita ya rushe ke nan. Ƙoda na iya fara gazawa ba wanda ya farga, ko a ci gaba da ƙarin ruwa har ya taru a huhu. A zafin Afrilu da Mayu na garin nan, da lokacin amai da gudawa a damina, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A yi miƙa aiki a bakin gado, mataimaki na tsaye, a tambaye shi abin da ya gani. A manna masa takarda a bango, da Hausa, ta abubuwan da zai faɗa nan take ba sai an tambaya ba: zafin jiki 38 ko fiye, bugun jijiyar baligi sama da 100 ko ƙasa da 60, numfashi fiye da 20 a minti, majinyacin da ya fara ruɗewa, mai jegon da ta jiƙa auduga sharkaf cikin awa guda. Wanda ba ya iya motsi a juya shi duk awa 2, in fatar ƙugu ko diddige ta sauya launi a sanar, don farkon gyambon kwanciya ke nan.

Umurnin baka ma yana jawo kuskure. A ɗaki ɗaya sai a sami A'isha uku, don haka a faɗi cikakken suna da lambar gado, mataimaki ya maimaita abin da ya ji kafin ya tafi. Allura da ƙara gudun ruwa kuwa ba aikinsa ba ne, ko da masu jinya sun matsa masa suna kiransa likita.

Abin da ya fi damun mu shi ne tsawa. Wanda aka disga a gaban dangin majinyaci don ya tashi sista da dare, gobe shiru zai yi, kuma majinyaci ne zai ji a jikinsa. In akwai gyara, a ja shi gefe.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta sa wannan cikin ƙa'idar aikin kowane ɗaki, kwalejin jinya ta Sakkwato da ta kimiyyar lafiya da ke Gwadabawa kuma su koya wa ɗalibai shi kafin a tura su asibiti.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan jinya,
Sakkwato