A bar mana abin da aka ba mu kyauta tun farko

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Ni sana'ata haɗa bidiyon biki da suna, ba ni da shago ba ni da kwamfuta, wayata ita ce jarina. Kusan shekara uku ina aiki da wata manhaja kyauta, na san ta kamar yunwar cikina. Kwanakin baya ta ce in sabunta, na sabunta, na kwana ina haɗa bidiyon kamu da wunin wata amarya, na yanka na jera na sa rubutu, da asuba na zo fitarwa sai ga sanarwa wai abubuwa uku da na yi amfani da su sun koma na masu biyan kuɗi, ko in biya ko in cire. Abubuwan da jiya jiya kyauta ne fa! Ga uwar amarya tana ta kira, dangi na Saudiyya suna jira a tura musu.

Ni ban ce kar kamfani ya ci riba ba, su ma ma'aikata suke biya. Ka ƙirƙiro sabon abu ka sa masa kuɗi, wanda ke so ya saya. Abin da ke min ciwo shi ne a bari sai hannunka ya saba, duk tsofaffin ayyukanka suna ciki, sannan a rufe ƙofa a ce kawo kuɗi, kuma ba sau ɗaya ba, duk wata.

Kuma ba yau aka fara ba. A Janairun 2004 kamfanin Apple ya daina bayar da sababbin manhajojinsa na hoto da bidiyo, iPhoto da iMovie, a sauke kyauta, ya haɗa su a kunshin iLife a kan dala 49. Google Photos ma shekaru ana loda hotuna ba iyaka, daga 1 ga Yunin 2021 aka ce duk sabon hoto zai shiga lissafin gigabait 15 ɗin da aka ba kowa, in ya cika sai ka sayi wuri. Amma ai WhatsApp a da dala ɗaya suke karɓa a shekara, a 2016 suka soke, ke nan ba dole ba ne.

Sannan farashin nan da dala ake tunaninsa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuɗin da ɗan Amurka zai sha shayi da shi mu nan ya kai ladan aikin suna guda, ga data ga cajin waya a shagon mai janareta.

To yaran da nake koya wa aiki yanzu duk sun koma tura wa juna manhajar da aka fasa, wato aka cire mata shingen biyan kuɗi, ta hanyar Xender, ba su san wa ya fasa ba, ba su san me aka cusa a ciki ba, kuma a wayar nan manhajar bankinsu take, ga bidiyon matan mutane cike. Wallahi wannan ya fi kuɗin tayar min da hankali.

Ina roƙon hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta duba lamarin, ko ba komai a tilasta wa kamfanonin manhaja sanar da mutum kafin ya danna sabuntawa, kuma a bar shi ya fitar da aikin da ya riga ya fara. Bidiyon amaryar nan sai da na warware shi na sake daga farko, sai bayan la'asar na tura.

Naku,
Mai haɗa bidiyo daga Zariya