Godiya Ga Shagon Kayan Wutar Mota Na Bakin Tashar Ringim

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne domin in yi godiya a bainar jama'a ga Alhaji mai shagon kayan wutar mota da ke kusa da tashar Ringim, shi da yaransa. Da na gaya masa niyyata, cewa ya yi kada in kama sunansa, kuma na bi maganarsa. Direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Gumel da Haɗeja dai ba sa bukatar kwatance.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura, ina kuma taɓa noman riɗi. Motata Golf 3 ce, tsohuwa, amma ita kaɗai ce mota a unguwarmu. Mace ta tashi da naƙuda cikin dare, ƙofata ake bugawa. Maciji ya sari yaro a gona, ni ake nema. Ba mu da gareji, zaurenmu kuwa ko amalanke ba ta shiga, saboda haka a gindin darbejiyar ƙofar gida take kwana. Bayan girbin bara aka ɗauke motar wani ɗan'uwanmu ranar Lahadi a kasuwar Gujungu, ya shiga cinikin tumaki ya fito bai tarar da ita ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ko kare ya yi haushi sai na ɗauki tocila na leƙa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Da na je shagon na ce ina son ƙararrawar tsaro, wadda direbobi ke kira sikiyoriti, na kuma ce ni zan ɗaura da hannuna. Dalilaina biyu ne. Ba na son kowa ya san inda aka ɓoye makunninta, sannan idan ta rikice mini da tsakar dare a ƙauye babu mai riwaya kusa, dole in san yadda aka haɗa ta. Na yi zaton zai ɓata rai, tunda kuɗin ɗauri ya wuce shi. Sai ya jawo mini benci ya ce, “Malam, zauna. Na'urar ba ta da wuyar sayarwa, amma ba zan bar ka ka je ka ƙone motar jama'a ba.”

Ya fito da kala uku daga cikin kayan da yake sarowa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya ture mafi tsadar gefe da kansa. Ya ce tana da abubuwan da motata ba za ta amfana da su ba. Ya bayyana mini cewa makullin ƙofofin Golf 3 da iska yake aiki, akwai ɗan famfo a baya da ke tura shi, kuma tunda nawa ya daɗe da mutuwa, kada in ɓata kuɗi kan buɗe ƙofa da rimot. Abin da nake bukata shi ne jiniya, da na'urar jin girgiza, da rile mai hana mota tashi. Ɗan kasuwan da zai hana ka sayen mai tsada alhali kuɗin na aljihunka, ban cika ganin irinsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen launin waya. Takardar da ke cikin kwalin ta ce ja wuta ce, baƙa kuma a ɗaure ta a jikin bodi. Alhaji ya ce wannan gaskiya ne ga wayoyin na'urar, amma ba ga na motar ba. A motocin Volkswagen waya mai ruwan ƙasa ita ce ta bodi, baƙar kuwa wuta ce da ke zuwa idan an murɗa makulli. Wanda ya haɗa baƙa da baƙa don ya ga launi ɗaya, ya jawo wa kansa hayaƙi. Ya yagi bayan kwalin sabulu ya rubuta mini lambobin da Jamusawa ke sa wa wayoyinsu: 30 wutar batir ce wadda ba ta yankewa, 15 wutar makulli, 50 ta kik, 31 ta bodi. Kwalin nan yana cikin akwatina har yau, tare da takardun makaranta.

Daga nan ya kira babban yaronsa ya ce ya nuna mini a jikin motar. Yaron ya kwanta a ƙasan sitiyari cikin zafin nan na Ringim, ya cire murfin, ya riƙa taɓa kowace waya da mitar auna wuta yana sa ni ina karanta abin da ta nuna. Batir mai lafiya wajen bolt 12.6 yake nunawa idan mota na kashe. Ya hana ni gwaji da ɗan ƙwan fitilar da na saba gani a hannun masu gyara, ya ce mita ta fi aminci, kuma duk wayar da na gani cikin rigar rawaya ko da soket rawaya in yi nesa da ita, ta jakar iskar kariya ce. Ya fi awa ɗaya a kaina, masu saye suna zuwa suna tafiya, ko tsaki bai yi ba. Da na miƙa masa na goro ya ƙi karɓa, ya ce, “Baba, Alhaji ne ya sa ni.”

Akwai wata magana da Alhaji ya nanata har sau uku. Ya ce rilen a wayar kik zan sa shi, kada in kuskura in yanke wayar da ke riƙe injin yana tafiya. In na'ura ta samu matsala a wayar kik, iyakarta mota ta ƙi tashi a inda take tsaye. In kuwa a ɗayar ce, tana iya kashe maka mota kana gudu a titi da mutane cike, ga tirela a bayanka. Ya nuna mini ƙafafun rilen, ya ce in bi ta ƙafa mai lamba 30 da mai lamba 87a, domin ko na'urar ta mutu gaba ɗaya, hanyar wutar a haɗe take, mota za ta tashi. Ni da ke ɗaukar marasa lafiya, wannan shawara ta fi mini na'urar kanta daraja.

Ba ni da mita, sai ya ba ni aron tasa. Bai san gidana ba, bai karɓi jingina ba, lambar wayata kawai ya rubuta.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na fara aikin. Na sa sufana mai lamba 10 na cire kan batir na negatif tukuna, kamar yadda aka ce. Na ɗaure jiniyar a cikin bonet nesa da zafin salansa, bakinta na kallon ƙasa don kada ruwan damina ya taru a ciki. Na kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin in ɗaure wayar bodi. Na sa fis daf da inda na ɗebi wuta. Kowane haɗi na narka masa dalma na rufe, domin Alhaji ya ce murɗa waya a naɗe da salatif ba ya jure zafinmu da gargadar hanyarmu, wata biyu gam ɗin ya narke wayar ta saki. Na ara ƙarfen narka dalma a wurin mai gyaran rediyon garinmu, muna ɗora shi a kan gawayi. Makunnin sirrin kuwa, sai da na kori yara daga gindin bishiyar sannan na ɗaura shi.

Wajen azahar na maƙale. Komai na aiki, amma in aka buɗe ƙofa jiniyar ba ta cewa komai. Na tafi bayan makaranta inda sabis ya fi kamawa, na kira shagon. Yaron ya ce in ɗauki hoton haɗin in turo ta WhatsApp. Hoton ya ɗauki lokaci kafin ya tafi, amma yana isa ya kira ni da katinsa. Ashe na'urar tana da wayoyin ƙofa guda biyu, ɗaya ta motocin da makunnin ƙofarsu ke ba da wuta, ɗaya ta waɗanda nasu ke taɓa bodi, irin tawa ke nan, ni kuwa na ɗauki ta farkon. Na sauya, na buɗe ƙofa, sai ga ƙara har tantabarun maƙwabcina suka tashi.

Daren farko ta yi kuka sau huɗu. Awaki ne ke soshe jikinsu da bamba. Da safe na sake kira, Alhaji da kansa ya ɗauka, ya ce akwai ɗan sukurun da ke jikin na'urar girgizar, in riƙa mayar da shi baya kaɗan kaɗan ina dukan gilashi da tafin hannu har sai ta daina amsa taɓawa ta koma amsa duka. Ya ce ƙararrawar da ke kuka a banza, mako guda maƙwabta za su daina fitowa. Ya kuma sa na auna wutar da na'urar take sha idan mota na kashe, ya ce in ta wuce miliyamfa 50 in dawo da ita, don kada ta riƙa shanye mini batir. Na auna, ba ta kai ba.

Bai ruɗe ni ba kuma. Ya faɗa mini ƙarara cewa ƙararrawa ba ta kama ɓarawo, ɓata masa lokaci take ta kuma tada mutane, don haka kada in yar da sandar kulle sitiyarina, kuma a kasuwa in ajiye mota inda akwai masu gadi ko da zan biya.

Wata huɗu ke nan. Makon jiya da misalin ƙarfe biyu na dare aka buga mini ƙofa, matar ƙanena ce ba lafiya. Na danna rimot na kashe ƙararrawar, na murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya, muka kama hanyar asibiti.

Alhaji, Allah Ya saka da alheri, Ya yi wa kasuwa albarka, Ya jiƙan mahaifa. Yaron nan kuma Allah Ya nuna mana ranar da zai buɗe nasa shagon. Mitarka na dawo da ita tun makon da na gama, amma ɗan riɗin da na aiko da shi ka mayar mini, ranar Lahadi zan taho da shi da kaina, kuma wannan karon ba zan koma da shi ba.

Naku,
Malamin firamare daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa