A bar wa tsoffin littattafan zane launinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi tsokaci kan kamfanonin da ke sake buga tsoffin littattafan labari cikin zane, wato kwamik. Tun da kamfanin Marvel ya fara jerin Masterworks a 1987, kamfanin DC kuma ya biyo sahu da Archive Editions a 1989, tattara tsoffin fitowa cikin kundi ɗaya mai kaurin bango ya zama babbar kasuwa. Ban ga laifin wannan ba, don ba kowa ke da ƙarfin sayen bugun asali ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen launi.

A zamanin da aka yi bugun asali na waɗannan littattafai a Amurka, launuka 64 kacal mai saka launi ke da su. Tawada uku ake haɗawa, shuɗiya da ja da rawaya, kowacce a zuba kashi 25 ko 50 ko 100 cikin ɗari, ko a bar ta gaba ɗaya, baƙa kuma ta layin zane ce. Launin yana fita ne ɗigo-ɗigo a kan takardar jarida mai araha, mai ɗan duhu, mai shan tawada. Ƙwararrun masu saka launi irin su Marie Severin sun san halin takardar, shi ya sa suke zaɓar launi mai ƙarfi, don sun san za ta rage masa kaifi. Hulk ma, ƙaton jarumin nan na labaran Marvel, ai toka-toka aka yi shi a fitowar farko ta 1962, maɗaba'a ta kasa fitar da tokar iri ɗaya a kowane shafi, sai aka mayar da shi kore a fitowa ta biyu. Ka ga ke nan da injin da takardar duk suna da hannu a zaɓen launi.

To yau sai a kwashi waɗancan launuka a zuba kan farar takarda mai sheƙi, a ce an riƙe amana. Ja ya riƙa tsone ido, fuskokin mutane su koma kamar na 'yar tsana. Wasu kuma da kwamfuta suke ƙara inuwa da haske a kan zanen da mai shi ya riga ya yi wa inuwa da alƙalaminsa, sai layukan su nutse.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Batman: The Killing Joke. A bugun 1988 John Higgins ne ya saka launi, ya cika shi da ruwan lemo da shunayya masu zafi, wanda ya dace da haukan da ke cikin labarin. A 2008 mai zanen, Brian Bolland, ya sake launin da kansa, ya sanyaya shi, har zagayen rawayan da ke ƙirjin Batman ya cire. Za a ce mai abu ne ya taɓa abinsa, kuma mai zane Hergé ma ya sake wa littattafansa na Tintin fasali da launi daga 1942. Na yarda Bolland yana da haƙƙi, aikinsa kuma ya yi kyau. Amma Higgins fa? Shi ma da guminsa a littafin, ga shi kuma bugun 2008 ne ya mamaye kasuwa, masu karatu da dama ba su ma san akwai wani launi kafinsa ba. Da DC ta fitar da bugu na musamman mai suna Absolute a 2018 ta haɗa duka biyun a kundi ɗaya, abin da ya kamata a yi tun farko.

Buƙatata ba ta da yawa. Duk kundin da aka sake wa launi, a rubuta haka ɓaro-ɓaro a bango tare da sunan wanda ya yi na farko da wanda ya sake. Inda kuma zanen asali ya ɓace, gara a ɗauki hoton tsoffin shafukan yadda suke, da ɗigonsu da komai, a buga a takarda marar sheƙi, da a wanke launin tsohon littafi da sinadari don a ciro layin zane, aikin da ke cinye siraran layuka ya kuma lalata kwafin da aka yi amfani da shi.

Na gode, wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka