Zuwa ga sabon ciyaman ɗinmu: ka faɗa mana gaskiyar kuɗin da bakinka

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, barka da kama aiki, Allah ya taya ka riƙo.

Ni ma'aikacin sashen lafiya ne a sakatariyar ƙaramar hukumar nan, na ga ciyamomi sun zo sun tafi, zaɓaɓɓu da kantomomi, shi ya sa na ce bari in rubuto maka tun kana sabo kafin masu raɗa a kunne su gama zagaye ka. A mitin ɗin da ka yi da mu ranar farko ka ce mu riƙe amana mu ba ka haɗin kai, mun ji kuma mun tafa, amma wallahi da aka fito aka koma gindin dalbejiya maganar da kowa ke yi ita ce ai na baya ma haka ya ce.

Ba taurin kai ba ne ya sa muke haka. Wata zai mutu albashi shiru, ma'aji ya kulle ofis ya kashe waya, babu wanda zai fito ya ce mana ga abin da ake ciki, sai jita-jita, wannan ya ce kuɗin bai zo ba wancan ya ce ya zo an karkatar da shi, mai shago yana binka bashin masara uwargida na tambaya kai kuma ba ka da amsa. In alat ya shigo daga baya sai ka ga an zabtare wani abu ba bayani. Jinkirin muna iya jurewa, mun saba, shirun ne yake cin rai.

Kuma yanzu kan mage ya waye. Duk mun ji a rediyo lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma kason da ake rabawa a Abuja duk wata ana wallafa shi, duk mai waya da data zai duba ya gani. A Yulin 2024 ɗin ne ma aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. To masinjan ofis ya san abin da aka ce an turo, abin da bai sani ba shi ne nawa ya iso hannunka. Don Allah duk ƙarshen wata ka tara mu ko na minti goma ne, ka ce ga abin da ya shigo, ga na malaman firamare, ga na fansho, ga na masarauta, ga abin da ya rage, a liƙa takardar a allon sanarwa. In hannunka a ɗaure yake daga sama ka faɗa, za mu fahimta, mu ma ba yara ba ne.

Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya hau mulki a 2007 ya bayyana kadarorinsa a fili, kuma ya yarda da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi akwai kurakurai a ciki, har ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara. Wannan bai rage masa kwarjini ba ko kaɗan, har yau in aka ambace shi a rumfar mai shayi addu'a ake masa.

Sai abin da ya fi damuna. Akwai abokin aikina da ya taɓa rubuto rahoto cewa firjin allurar rigakafi a asibitinsu ya lalace, sati biyu ba a gyara ba, alluran sun tashi daga aiki. Maimakon a turo makaniki sai aka ce ya tona asiri, aka kai gulmarsa wai ɗan adawa ne, aka yi masa taransifa zuwa ƙauyen da in damina ta sauka ko babur ba ya shiga. Tun daga ranar ba wanda ya sake rubuta gaskiya a rahoto, kowa sai ya rubuta komai lafiya lau ya sa hannu, kuma jariran mutane ake yi wa allurar nan. Irin rahoton da za ka tarar a teburinka ke nan ranka ya daɗe, kuma haka zai ci gaba har sai mun ga mutum na farko da ya kawo maka labari mara daɗi ya fito daga ofishinka da mutuncinsa.

Na ji ana cewa za a yi tantancewa don kamo ma'aikatan bogi. Muna so, amma kada a sake shanya tsofaffin leburori da unguwar zoma a rana tun safe har la'asar, alhali kowa ya san ba su ke da ikon cusa suna a takardar albashi ba. A fara daga ofisoshin da ake haɗa ta.

Shi kuma abokin aikin nan nawa har yanzu yana can ƙauyen, fayil ɗinsa na ofishin daraktan ma'aikata. Ka sa a kawo maka ka karanta da kanka.

Naka, wani ma'aikacin sashen lafiya.