Matattun sojoji a labaran matasanmu: a gyara ginin tun daga tushe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi magana kan wani salon ƙagaggen labari da ke yawo a wayoyin yaranmu a ƙauyukan Kano da Jigawa. Labari ne na wani zamani mai zuwa, azzalumin shugaba ya danne ƙasa da rundunar matattun sojoji, samari da 'yan mata sun yi masa bore, soyayya kuma ta ƙullu ana tsakiyar yaƙi. Wasu iyaye na cewa a hana. Ni ban ga amfanin hani ba. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, amma rubutun bai mutu ba, daga baya ma ya koma WhatsApp da Wattpad, wani dandalin intanet na rubuta labarai da karanta su, inda ba mai tacewa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ginin labaran, don da yawa kwafe ne aka liƙa wa sunayen Hausa.

A fara da gawar. Marubuci zai ce shugaba ya tashi matattu dubu goma. Daga ina ya samo su? A nan, wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an suturta shi, an sallace shi, an jera itace ko fasassun tukwane a bakin rami an tura ƙasa. A zafin Afrilu mai haura digiri 40, gawar da aka bari a fili kwana biyu ko uku ta kumbura ta fara ruɓewa, ina ita ina riƙe bindiga? Ga kuma aƙida. Yaron da ya yi makarantar allo ya san aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'uminun, cewa akwai barzahu tsakanin mamaci da duniya har ranar tashin ƙiyama. Da ka ce mamaci ya dawo, ka raba gari da mai karatunka.

Mafitar tana cikin asalin tatsuniyar matattu masu tashi, wato zombi. A ƙasar Haiti ta yi ƙarfi, inda aka yi imani matsafi kan mai da mutum bawa marar hankali yana yi masa noman rake, kuma ba a sa masa gishiri a abinci, don in ya ɗanɗana hankalinsa zai dawo. Tsoron bauta ne tushenta, cin naman mutane fina-finan Amurka ne suka ƙara. To, sojanka kada ya mutu da gaske. A ɗirka masa magani numfashinsa ya yi ƙasa, hukuma ta sa sunansa cikin matattu, a aiko wa gida da hularsa, a yi zaman makoki, matarsa ta yi takabar wata huɗu da kwana goma. Bayan shekara guda, ranar Alhamis, mahaifiyarsa na hanyar kasuwar Maigatari sai a tsare motarsu a shinge. Ta ɗaga kai ta ga billen gidansu a kuncin soja, ta kira sunan da take kiransa tun yana goye, shi kuwa ya saita ta da bindiga ko gezau. Wannan ya fi gawa dubu tayar da tsikar jiki. Ƙullin soyayya ma ya samu ba tare da an shigo da batsa ba: matar ta riga ta yi wani auren, ko budurwar an kai mata lefe daga gidan ƙaninsa.

Sai dokar rundunar. Kafin shafi na ɗaya, marubuci ya rubuta wa kansa amsar tambaya uku: me suke ci, bayan kwana nawa ake sake ba su maganin, me ke karya shi. In allurar ta kwana bakwai ce, ke nan duk mako akwai mota mai kawo ta, ita 'yan bore za su yi wa kwanton ɓauna. Rashin wannan ne ke sa a shafi na 5 harsashi ba ya huda soja, a shafi na 30 gorar makiyayi ta kwantar da shi.

Boren kuma yana cin hatsi. Mutum talatin a ɓoye, in kowa zai ci rabin kilo a yini, kilo 15 ke nan, buhu mai kilo 100 ba zai kai mako ba. Wa ke kai musu, kuma wane mai unguwa ne ke kau da kai? A ina suke shan ruwa da rani, lokacin da kowace rijiya ke da masu ido a kanta? Wurin ɓuya muna da shi: kachalar da ta toshe fadamar Haɗeja zuwa Nguru, da dajin Falgore, da laka ta watan Agusta mai hana mota wucewa. Tarihi ma bai bar mu hannu rabbana ba. Sarkin Haɗeja Buhari ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, Yusufawa kuma, wato magoya bayan Yusufu mai neman sarautar Kano, a Takai suka haɗa ƙarfi a basasar Kano da ta ɓarke a 1893. Wanda ya karanta waɗannan zai ga bore kan raba gida ɗaya biyu, wa a nan ƙane a can.

Kuskure na ƙarshe a wajen sakin labarin yake. Ana sakin shafi kullum ba a san ƙarshe ba, masu sharhi su matsa a ƙara soyayya, sai yaƙin ya ɓace. A kammala tsarin babi-babi, a rubuta aƙalla kashi ɗaya cikin uku, a ba malamin Hausa da malamin fiƙihu su duba batun takaba da auren matar wanda ya ɓace, sannan a fara saki.

Malam Edita, da za ku ware rabin shafi duk mako ga gajeren labari irin wannan mai kalma 1,000, tare da gyaran edita a gefensa, da yaran Gumel da Rano da Kazaure sun sami inda za su ga kuskurensu a rubuce.

Naku,
Malamin Hausa a makarantar sakandare,
Ringim, Jihar Jigawa