Godiya ga ofishin malaman gona kan takin da ruwa ke wanke mana

Assalamu alaikum.

Ina rubuta wannan ne a madadin mu masu noman lambu da ofishinku ya bi gona-gona ya koya mana yadda za mu hana ruwa gudu da takinmu. Daga ranka ya daɗe shugaban ofis har ma'aikatan da suka sha rana tare da mu, Allah ya saka muku da alheri, kuma wallahi na ga ya dace a faɗa a fili kowa ya ji.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba zaunar da mu kuka yi kuna ta dogon bayani ba, malaminku bari ya yi aka gama ban-ruwa a fangalin albasa sannan ya ɗauki shebur ya haƙa rami a gefe, sai ga ƙasa jiƙe sharkaf har kusan tsawon hannu alhali saiwar albasar duk a sama take, da ƙyar take wuce santimita 30. A nan ya nuna mana cewa duk ruwan da ya wuce saiwa ba shi kaɗai ya tafi ba, da taki ya tafi. Yuriya, takin zamanin nan, kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, sinadarin da ke sa ganyen shuka ya yi kore, wato buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 a ciki, in ta shiga ƙasa ƙwayoyin halittar da ke ciki suna juya ta zuwa naitiret, shi kuwa naitiret ba ya maƙalewa a ƙasa sam, narkewa yake kamar gishiri ya bi ruwa duk inda ya nufa, musamman a jigawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya zuba taki da yawa, ya cika fangali da ruwa har yana ambaliya, bayan ɗan lokaci ganye ya fara yin ɗorawa sai ya ce ai takin ne ba kyau ya ƙara wani, ruwa ya sake tafiya da shi.

Yanzu kam raba takin muke kashi uku ko huɗu, kaɗan lokacin da shuka ke ƙarama tunda ba ta iya ci ba, mai yawan sai ta fara girma da gaske, kuma muna binne shi kusa da saiwa maimakon watsawa. Ruwa ma kaɗan-kaɗan akai-akai, a fara tona ƙasa a damƙa a ji danshinta kafin a tada inji. Kun tuna mana takin dabbobi da ganyen kabejin da ke ruɓewa bayan girbi duk naitirojin ne, a lissafa da su, kuma kar a bar fili tsirara ruwan sama ya same shi, a shuka wani abu mai doguwar saiwa ya tsotse ragowar. Ban-ruwa na ɗigo-ɗigo kun nuna shi amma ba ku matsa wa wanda ba shi da hali ba, wannan ma abin a yaba ne.

Maganar rijiya ce ta fi taɓa ni gaskiya. An tsoma 'yar takardar gwaji a ruwan rijiyar da ke tsakiyar lambu muna kallo ta canza launi, alamar naitiret ya kai ga ruwan, malamin ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha, in ya wuce haka jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ne a haɗari domin yana hana jininsu ɗaukar iskar da suke shaƙa yadda ya kamata, kuma tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi. Wurin ya yi tsit, domin kowa da yara a gida.

Roƙonmu dai ku dawo kafin a fara dashen gaba, akwai maƙwabtanmu da ba su samu halarta ba kuma rijiyoyinsu ba a gwada ba, in da hali ku bar mana takardun gwajin nan mu riƙa dubawa da kanmu.

Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfin gwiwa.

Naku,
Wani mai noman lambu, a madadin 'yan uwansa